Baba Gangare da Gwaggo, Motar 'Yan Ƙwallo

Duk unguwar babu mai kiransa da sunansa na yanka, Baba Gangare kawai ake cewa, har matarsa in ya ba ta haushi haka take ce masa. Shi ne direban ƙungiyar ƙwallon unguwar, kuma abin da ya jawo masa sunan shi ne bai taɓa ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri ba, sai inda ƙasa ta karkata, hancin mota na kallon ƙasa, ga dutse an tare taya da shi. Ba iyayi ba ne fa. Motar ce ba ta tashi da makulli. Sitatarta ta mutu tun yaran da ke buga wa ƙungiyar yanzu suna yawo ba wando, batir kuma iyakacinsa ya kaɗa hon, shi ma hon ɗin kamar akuya mai mura. To in akwai gangare an huta, a zare dutse, ya sa giya ta biyu, ya bar ta ta sulala, ya saki kuloci, ta yi tari biyu ta kama. In babu gangare kuwa sai ƙarfin bayin Allah.

Motar ma tana da suna, Gwaggo ake ce mata, saboda ba a yi mata gaggawa kuma ba a faɗa mata magana son rai. Tsohuwar bas ce, da can shuɗiya ce aka ce, yanzu dai launinta sai wanda ya gani. Madubin gefe da roba aka ɗaure shi, kujerar baya bencin makaranta ce aka ɗora, ƙofa kuwa tun tuni Baba Gangare ya kwance ta ya jingine a bayan ɗakinsa, don ƙofa hana ruwa gudu kawai take yi. Dalili kuwa, in Gwaggo ta kama ba ta son tsayuwa, ka tsayar da ita ta yi ɗan jim sai ta yi shiru abinta. Saboda haka in an tura ta ta tashi, tafiya take yi a hankali, kowa ya biyo da gudu ya ɗare.

Kuma turin ba hauka ake yi ba, da tsari. 'Yan baya su ne a tsakiya don su ne ƙarti, 'yan gaba a gefe da gefe don su ne masu gudu, su ke shiga ƙarshe. Koci shi ke ba da murya. Mutum ɗaya ne ba ya turi, golan ƙungiyar, wai kar hannunsa ya samu matsala, shi aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa yana cafke mutane yana jefa su ciki. Kwando ake ce masa, don ƙwallo na bi ta hannunsa kamar ruwa a kwando, amma wallahi a bakin ƙofar nan bai taɓa sakin mutum ba. Yaran kan ce da za a yi wa ƙwallo hannu da ƙafa da tuni Kwando ya yi suna a duniya.

Duk garin da suka je wasa haka 'yan kallo za su yi ta musu ihu, ga 'yan turin mota nan, ga 'yan turin mota nan. Da farko yaran na jin zafi, daga baya suka maida abin ado, Koci ma cewa yake duk gasar babu masu cinya irin ta yaransa kuma ya san inda suka samo ta.

Abin da zai ba ka mamaki, Baba Gangare bai taɓa kallon wasan ƙungiyar ba, ko sau ɗaya. In ya sauke su a bakin fili sai ya wuce neman gangare, wani lokacin bayan kasuwa, wani lokacin can kusa da kwata, ya ajiye Gwaggo ya tare ta, ya zauna a inuwarta yana gadi kar yaran gari su zare dutsen. Da kunne yake kallo. Ya san ihun an ci, ya san ihun an ɓarar, ya san irin shirun da ake yi in Kwando ya yi halinsa. In an tashi suka iso suna ba shi labari sai ya ce ai ya ji, har ya gaya musu wanda ya yi kwaɗayi ya ƙi ba da ƙwallo, kuma sau da yawa ya canka daidai.

Gidan da yake haya ma don gangare ya kama shi, can saman layi, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ruwa sai an sauko ƙasa an ɗebo. Matarsa tela ce, yaran ƙwallo Mama suke ce mata, ita ke ɗinke musu riguna in sun yage. Kullum tana faɗa wa maƙwabta cewa ita mijinta bai duba ko gida na yoyo ba, tudu ya gani ya biya. Ranar da za ta haifi autarsu da Gwaggo aka kai ta asibiti, har yau tana cewa ita kaɗai ce aka taɓa turawa tana zaune a ciki, kuma ko ita sai da ya waiwayo ya dube ta kamar zai ce ta ɗan sauka.

To ana nan ana nan sai abubuwa suka tsaya wa Ciyaman. Shi ne mai ƙungiyar, mai shagon fenti ne, da aljihunsa yake riƙe da komai, man mota, rajista, ruwan sha, har man zafi. Kasuwa ta juya masa baya, shago ya koma rabin kanta babu kaya. Wata rana bayan atisaye ya tara su a gindin bishiyar bakin fili, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce shi dai ya kai iyakarsa, in an gama wasan ƙarshe na bana kowa ya kama gabansa, Gwaggo kuma 'yan gwangwan za a ba. Ashe ma mai gwangwan ɗin har ya zo ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta da makulli. Baba Gangare ya tashi ya je ya gyara zaman dutsen da ke ƙarƙashin taya, alhali dutsen lafiyarsa ƙalau. Shi bai san wani aiki ba in ba wannan ba, kuma ya san babu mai ɗaukar tsohon direba da ya fi sanin tudu da kwari a kan makulli.

Amma Ciyaman ya ce akwai ƙofa ɗaya. Akwai wani mai kamfanin katifa da ke neman ƙungiyar da zai ɗauka ya manna sunan katifarsa a ƙirjinsu, kuma ya yarda zai zo ya gan su a wasan ƙarshen, wanda a wani gari za a buga. Matsalar ita ce mutumin ya ce ba zai bi su a motarsa ba, tare da yara yake son tafiya ya ga yadda suke. Kuma an ce mutum ne mai son tsabta da tsari, in ya ga ƙura a teburin ma'aikaci sai ya sa yatsa ya rubuta sunansa a kai. Nan take aka yanke shawara, duk wanda ya kuskura ya ambaci turi a gabansa ya kuka da kansa. Baba Gangare ya ce a bar masa wannan, daga ƙofar gidansa har filin can babu gangaren da bai sani ba.

Kai, ka ga aiki. Aka wanke Gwaggo har ƙarƙashinta, Ciyaman ya kawo ragowar fenti kala uku aka shafa mata, Mama ta kwance labulen ɗakinta ta ɗinka wa kujerar gaba riga. Aka maido ƙofa aka gwada, aka ga ba za ta yiwu ba, aka ce in ya tambaya a ce don iska ne. Mama dai tana ɗinki tana girgiza kai, ta ce masa, Malam, ramin ƙarya fa ƙurarre ne. Ya ce ai ba ƙarya za su yi ba, shiru kawai za su yi. Ta ce to Allah ya sa Gwaggo ma ta san da shawarar.

Ranar da safe sai ga Mai Katifa, ƙaton mutum mai tumbi, fararen kaya fes, takalmi na ɗaukar ido, turare tun daga nesa. Aka gaisa, aka sa shi a kujerar gaba kan labulen Mama. Yara duk suka shiga suka zauna tsaf kamar 'yan makaranta, Ciyaman ya sunkuya kamar yana ɗaure igiyar takalmi ya zare dutse ya haye, Baba Gangare ya murɗa makulli don a gani, Gwaggo ta sulala, ta yi tari, ta kama. Mai Katifa ya ce kai, injin nan ba ya ko ƙara wajen tashi. Baba Gangare ya ce ai tsohon hannu ce, ranka ya daɗe. A baya wani yaro ya cusa riga a baki.

Tafiya ta yi daɗi, har waƙa aka yi, Mai Katifa yana ta tambaya wane ne wannan wane ne wancan, yana shan ruwan gora ɗaya bayan ɗaya saboda zafi. To ka san ruwa ba ya zama. Can tsakiyar hanya sai ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce direba a ɗan tsaya zai kama ruwa. Baba Gangare ya duba hagu ya duba dama, ƙasa shimfiɗe kamar faranti. Ya ce nan gaba kaɗan, ranka ya daɗe, nan akwai macizai. Aka ƙara tafiya, Mai Katifa ya sake magana, Baba Gangare ya ce masa nan kuma gonar mutane ce. A ransa yana lissafin wata gada da ke gaba, daga ita sai wani gangare mai daɗi da ya sha amfani da shi. Mutumin har ya fara kaɗa ƙafa.

Suna isa gadar sai gaban Baba Gangare ya faɗi. An yi aikin hanya. An cike kwarin, an daddaɓe, an shimfiɗa kwalta sumul, gefe kuma an share wani ƙaton fili inda manyan motoci ke kwana, ko ƙwai ka ajiye ba zai mirgina ba. Ga Mai Katifa har ya miƙe tsaye. Dole ya taka birki. Mutumin ya dira ya nufi bayan wasu itatuwa da sauri-sauri, Baba Gangare na ta lallaɓa totur yana cewa haba Gwaggo, haba 'yar albarka, yau kaɗai. Gwaggo ta yi tari ɗaya, ta girgiza, ta yi shiru.

Aka dubi juna. Ga lokaci na tafiya, in ba su isa kan lokaci ba an ba wa abokan karawarsu wasa a banza. Sai Koci ya leƙa ya ga ko hular mutumin ba a hangowa, ya ce da raɗa, maza, kafin ya fito. Wallahi ba a taɓa turi mai kyau irin na ranar ba. Babu ihu babu ƙirga, kowa ya faɗa wurinsa, har Ciyaman da sabuwar rigarsa ya sa kafaɗa, Kwando ya kama bakin ƙofa. Gwaggo ta mirgina, ta mirgina, Baba Gangare ya saki kuloci, ta kama. Sai kuma sabo, wanda aka ce turken wawa ne. Ƙafafu suka yi abin da suka saba, 'yan baya suka ɗare, Koci ya ɗare, Ciyaman ya ɗare, 'yan gaba suka shigo ƙarshe, Kwando ya buga jikin mota ya ce an cika Baba, shi kuma da jin haka ya sa giya ta uku ya hau kwalta. Murna ake yi fa, ana tafawa, wai an rufa asiri.

Sai da suka yi nisa Ciyaman ya ɗauko gorar ruwa ya miƙa gaba yana cewa ranka ya daɗe a ƙara, ya ga babu kowa a kujerar sai labulen Mama. Baba Gangare ya dubi madubin nan mai roba, can baya ya hango wani farin abu a tsakiyar hanya yana ɗaga hannu biyu.

Ya samu wuri ya karya kan mota ba tare da ya tsaya ba, ya dawo, ya shiga filin manyan motocin. To ga mutum ga mota, amma ba halin tsayawa, in ta sake mutuwa a gabansa ai an gama. Sai ya shiga zagaya shi kamar shaho ya ga ɗan tsako. Mai Katifa na tsaye yana juyawa yana bin su da kallo, ya ga mota ta wuce shi, ta dawo, ta sake wucewa, cike da mutane suna masa alama da hannu. Daga ƙarshe Baba Gangare ya leƙo ta taga ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta tsayawa. Sai dai ka biyo ta."

Kuma ya biyo ta. Ya tattare riga ya riƙe hula, tumbi na gaba yana baya, yara na ta ba shi ƙarfi, saura kaɗan Alhaji, ɗaga ƙafa Alhaji. Kwando ya maƙale da hannu ɗaya ya zuro jiki waje, ya cafko shi ta hammata ya yi ciki da shi, suka zube tare a kan jakar ƙwallaye. Takalmi ƙafa ɗaya ya tsaya a filin, babu wanda ya ce a koma.

Aka maida shi kujerarsa yana haki, gumi ya jiƙa fararen kayan nan. Ciyaman ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Baba Gangare ya ga dai abin da za a ɓoye ya ƙare, sai ya yi magana yana kallon hanya.

"Ranka ya daɗe, motar nan ba ta tashi sai an tura. Macizan ma babu su. Ni na ce a bar mini, kar ka ga laifin yaran."

Mai Katifa ya daɗe yana maida numfashi, sannan ya tambaya tun yaushe ake haka. Aka ce an jima. Ya ce to wasa nawa suka rasa saboda mota. Koci ya ce ko ɗaya, ko makara ba su taɓa yi ba. Mai Katifa ya gyaɗa kai, ya dubi ƙafarsa mai safa.

Sun isa ana shirin busa usur. Babu lokacin neman gangare, Baba Gangare ya ajiye ta nan bayan katangar fili ta mutu abinta, ya zauna a inuwarta yana saurare, yana shafa taya kamar mai sallama da ita. Ya ji ihun an ci su, ya ji irin shirun nan ya san Kwando ne. Can kusa da tashi ya ji wani ihu ƙarami na mutane kaɗan, a ciki har da wata ƙatuwar murya da bai saba ji ba, ya san an rama. Kunnen doki aka tashi.

Da aka fito kowa ya tsaya cirko-cirko a gefen mota, ana jin kunyar a fara. Sai ga Mai Katifa yana ɗingishi, takalmi ɗaya silifa ɗaya, wani mai sayar da rake ne ya ara masa. Ya cire hula ya miƙa wa Kwando, ya naɗe hannun riga, ya zagaya bayan Gwaggo ya tambayi Koci ina mai nauyinsa ke tsayawa. Ciyaman ya ce haba ranka ya daɗe, a shiga a zauna mana.

Ya ce, "A'a, na gane tsarin. Wanda bai tura ba shi ake mantawa."

Dariyar da aka yi ranar sai da ta hana turin farko tafiya. Aka sa shi tsakiyar 'yan baya, aka tura, ta kama, ya biyo da gudu, wannan karon ma shi ya miƙa wa Kwando hannu tun kafin a ce masa. A hanyar dawowa ya yi ta ba da labarin yadda ya fito daga bayan itace ya ga mota na tafiya, yana yi yana share hawaye, ya ce likitansa ya yi shekaru yana roƙonsa ya riƙa gudu bai yi ba sai yau. Kafin su shigo gari ya juyo ya ce wa Ciyaman ya ɗauki ƙungiyar, rajista da mai da riguna duk nasa ne, amma a sani takalminsa bashi ne a kan Kwando. Ciyaman ya ce to batun mota fa, don shi a zatonsa sabuwa za a kawo da direbanta. Baba Gangare ya ƙanƙame sitiyari bai waiwayo ba. Mutumin ya ce wace sabuwa, shi ɗan kasuwa ne ba mahaukaci ba, motar da ba ta taɓa makara ba me ta yi, a sa mata sitata da batir, direban kuma in an canza shi a nemi wani mai katifar.

Da labari ya kai gida Mama ta ce alhamdu lillahi, yanzu sai a dawo mata da labulenta, kuma tunda mota ta samu makulli sai su sauka ƙasan layi kusa da famfo. Ya ce a dai bari a ga kamun ludayin batir ɗin tukuna. Mai gwangwan ya sake biyowa, Baba Gangare ya ba shi tsohuwar sitatar kyauta ya ce ya rage zafi.

Da aka shiga sabuwar kaka yaran suka matsa lallai sai ya kalli wasa, tunda yanzu ana iya ajiye Gwaggo a ko'ina. Suka zaunar da shi a benci kusa da Koci, ga su nan da sabbin riguna da hoton katifa a ƙirji. Ya kasa gane su daga nesa, shi ya saba ganinsu a madubi sun sunkuya suna nishi. Ƙwallo ta nufi Kwando ya rufe ido, ta sake nufarsa ya miƙe tsaye ya koma ya zauna. Ana zuwa hutun rabin lokaci ya ce wa Koci shi wannan abin zai sa masa hawan jini, ya fita, ya tada Gwaggo da makulli, ya kai ta gangaren bayan makaranta, ya tare ta da dutse, ya zauna a inuwarta ya kasa kunne.